Ɗari Biyar ta Hajiya Dela

Da hantsi aka kawo Rhissa komisariyar Dakoro, ofishin 'yan sanda, hannuwansa a ɗaure da igiyar tumaki. Mutanen kasuwar dabbobi ne suka ɗaure shi, kuma da ganin ƙullin ka san aikin gwanaye ne.

Sufeto Hama ya sa aka kwance shi kafin ya tambayi kowa komai. Ba ya son shari'ar kasuwa, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba.

Mai ƙarar ita ce Hajiya Dela, 'yar kasuwar raguna mai babbar mota guda. Rhissa direbanta ne, jiya ya dawo daga Kano inda ya kai mata ragunan layya. Yau da safe ta je banki, aka ce mata asusunta wayam, tun ranar tafiyar aka kwashe da katinta a Maradi. Tanimu, ɗan ƙanwarta da ke taya ta harka, shi ya tsinci katin a ƙarƙashin kujerar direba.

Idan zancen ya tabbata, gobe Rhissa yana gaban alƙali, daga nan sai kaso. Ko ya fito, babu mai sake danƙa masa mabuɗin mota tsakanin Dakoro da Maradi.

Sufeto ya fara da Hajiya, ita kaɗai a ofis.

"Kati nawa gare ki?"

"Biyu, shef. Da na ce motata za ta shiga Najeriya, ba na son direba ya riƙe kuɗɗi a hanya, sai mutumin banki ya aje mani su. Koren shina manne da asusuna, cajinshi kaɗan ne. Jan kuwa zuba mashi akai kamar kiredin waya, in ya ɓata abin da ke ciki kaɗai ya ɓata. Amma duk dannawa sai sun ciji wani abu, ga canjin naira."

"Wanne kika ba Rhissa?"

"Jan. Da hwarko koren na so in ba shi, don Tanimu ya nace ya hi araha. Har na miƙa, na hwaɗa mashi lambar, sai Rhissa ya ce irin wanga kati ƙasashen sefa kaɗai yake aiki, ya taɓa ganin an ƙi shi a gidan mai na Katsina. Na maida shi jakata."

"Da ƙarfi kika faɗi lambar?"

"A zaurena nike, shef. Wa zan ji tsoro?"

"Mece ce lambar?"

"Ɗari biyar."

Sufeto ya ɗaga kai. Lambar kati huɗu ce, ɗari biyar kuwa uku. Ya tura mata wayarsa ya ce ta danna masa.

Ta danna 2500.

Ya daɗe yana kallon wayar. A kasuwa ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai, dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Hajiya ba ta san wata ɗari biyar ba sai ta ciniki: dala ɗari biyar, sefa 2500 ke nan. Ya goge lambar, ya ce kada ta nuna wa kowa, ko da ɗanta na cikinta ne.

Aka shigo da Rhissa. Dogo ne, rawaninsa ya kwance rabi, wuyan hannunsa duk shatar igiya.

"Ka ji lambar koren kati?"

"Ban ji ba."

"Hajiya ta ce kai ta faɗa wa."

Tsoro ya sa shi ƙarya, ƙaryar kuma ta ƙara dulmiya shi.

"Na ji, shef. Amma wallahi ban taɓa shi ba bayan na maida mata. Gazuwal ɗin da mota ta sha da kuɗin hanya duk da jan na biya."

"Kun tsaya Maradi?"

"Mun wuni. Tanimu ya rako ni don takardun duwan, na shige da kaya kan iyaka, ya tahi ofisoshi, ni ina wurin mota ina shayar da raguna. Sai bayan la'asar ya kawo takardun, na kama hanyar Ɗan Issa, shi ya komo gida."

"Akwai wanda ya gan ka a wurin motar?"

"Ragunan."

Sufeto bai yi dariya ba. Shaidun Rhissa suna Kano suna jiran wuƙa.

Da azahar amsar bankin ta iso daga Maradi. Hoton injin cire kuɗi ya nuna mutum da rawani ya rufe fuska har hanci, irin naɗin mutanen su Rhissa. Ɗan sandan da ya kawo hoton ya ce ai magana ta ƙare, a shirya takardar alƙali.

"Karanta min sauran," in ji Sufeto.

"Mutumin ya zo da rana, ya danna lamba sau biyu ba daidai ba, ya zare katin ya tafi. Ya dawo gab da la'asar, ya danna daidai, ya yi ta cira har asusun ya ƙare."

"Me ya koya tsakanin rana da la'asar?"

Ɗan sandan ya ɗaga kafaɗa. Sufeto ya ce a kira Tanimu.

Tanimu ya shigo da shadda mai sheƙi da waya biyu a hannu. A Kano ya tashi, bai daɗe da dawowa wurin innarsa ba, Hausarsa ma ta can ce.

"Ka san Najeriya sosai?"

"Kamar tafin hannuna, yallaɓai."

"To me ya sa ka nace a ba direba katin da ba ya aiki a can?"

"Mantuwa ce. Ni cajin kawai na duba, ina tausayin kuɗin Inna."

"Wa ke karanta mata saƙon banki a waya?"

"Ni ne. Amma ranar babu saƙon da ya shigo."

"Wace ranar?"

Tanimu ya gyara zama. "Ranar da aka ce an cire ɗin."

"Yaya aka yi ka duba ƙarƙashin kujerar direba?"

"Zuciyata ce ta ba ni."

Sufeto ya ga zuciyoyi da yawa masu irin wannan baiwa, yawancinsu kuma sun ƙare a ɗakin kulle. Amma zato ba hujja ba ne, hoton rawanin kuwa yana kan tebur. Idan rana ta faɗi ba shi da abin da ya fi shi, dole ya sa hannu a takardar Rhissa.

Ya tara su ukun a ofis, ya rufe ƙofa. Hajiya ta zauna a kujera tana jan carbi, ba ta ko kallon direbanta.

"Dukanku kun ji Hajiya ta ce ɗari biyar," in ji Sufeto. "Tanimu, danna min abin da ka ji."

Tanimu ya karɓi wayar ba gardama, ya danna 0500, ya juyo da ita kowa ya gani.

"Ni dai abin da na fahimta ke nan."

"Rhissa."

Rhissa ya karɓi wayar. Bai tsaya tunani ba, ya danna abin da duk ɗan kasuwa zai danna, 2500.

Tanimu ya miƙe zumbur. "Kun gani! Ita ce lambar! Yallaɓai, me kuma ake jira?"

Sufeto ya karɓi wayarsa, ya kife ta a kan tebur a hankali.

"Wa ya gaya maka ita ce?"

"Ai... Inna ce."

Carbin Hajiya ya tsaya. "Ban taɓa nuna maka ba, Tanimu. Shef kaɗai na nuna wa, yau ɗin nan."

"Yanzu ka ce mana 0500 ka fahimta," in ji Sufeto. "Na yarda, ita ka danna sau biyu a Maradi injin ya ƙi. Da a ce Rhissa ne, da dannawar farko ta ishe shi, ga shi kun gani da idonku. Wanda ya yi kuskuren, mutum ne mai ƙirgen naira."

Baki shi ke yanka wuya. Tanimu ya nemi kujera da hannu, ya zauna, zufa tana bin wuyan shaddar.

"Ina rawanin?"

"Na jefar a tasha." Tanimu ya share zufa, ya ci gaba. "Tun a zaure na zare katin daga jakarta. Da injin ya ƙi, na ji tsoron ya haɗiye shi, na fita in huce. Na tsaya sayen kilishi, mai kilishin ya ce ɗari biyar, na miƙa masa takardar ɗari biyar. Ya yi dariya, ya ce ko baƙo ne ni, a nan dala ake nufi. A wurin na gane."

"Saƙonnin banki fa?"

"Da wayar Inna na tafi Maradi, na ce za a neme ta daga duwan. Na goge su."

"Kuɗin?"

"Suna ɗakina, cikin buhun wake. Mota nake so in saya, tawa ta kaina. Inna, ki yafe min."

Abin ya yi wa Hajiya ciwo har ta kasa kuka, ta zauna tana kallon ɗan ƙanwarta kamar yau ta fara ganinsa. Aka sa masa ankwa, ɗan sandan da ya kawo hoton ya tasa shi gaba zuwa ɗakin kulle.

Sufeto ya yaga takardar da aka fara cikawa da sunan Rhissa.

"Kana iya tafiya."

Hajiya ta juyo, murya ƙasa-ƙasa. "Rhissa, na zalunce ka. Ka yi haƙuri."

Rhissa ya tsaya yana naɗa rawaninsa, bai yi sauri ba, sai da ya gama tsaf.

"Na ji, Hajiya. Amma nan mu uku ne. Ɓarawon da kika kira ni, a tsakiyar kasuwa kika kira, gaban mutanen da nike gaisawa da su kullum."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar da aka fita da Tanimu. Wanke Rhissa a kasuwa yana nufin ta faɗi sunan jininta da bakinta.

"Kasuwar ba ta watse ba tukuna," in ji Rhissa.

Hajiya ta ɗauki mayafinta, ta miƙe.

"Mu tahi."