Rupi Ɗaya a Kan Faranti

Tabassum na tsaye a falo tana guge farar rigar mahaifinta lokacin da ya ninke jarida ya ce, "Ku shirya. An sa ranar auren yayanki Junaid, yau ba a ɗora tukunya a gidan nan. Waje za mu ci abincin rana." Da ya ambaci sunan gidan abincin da ke unguwar Gulberg, saura kaɗan ta ƙona hannun rigar.

A can Sarmad yake aiki. Shekara biyu ke nan suna son juna, tun suna kwaleji, kuma Lahadi mai zuwa iyayensa za su zo neman aurenta. Abin da aka gaya wa Abbu, wato mahaifinta Malik Rafaqat, shi ne yaron yana karatun akanta da yamma, da rana kuma yana "aiki a otel". Ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya wa Malik Rafaqat, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa, mutumin da ko shayi za a kawo masa sai ya duba agogo, cewa aikin na ɗaukar faranti ne.

Ta bi mahaifiyarta kicin. "Ammi, don girman Allah ki ce kanki na ciwo! Ki ce mu je wani wurin!"

"Ke ma dai, yaushe Abbunki ya taɓa fasa abu saboda kaina? Ki yi addu'a kawai kada a ba shi teburinmu."

Shi kuwa aka ba.

Juma'a ce, an sauko daga masallaci, wurin ya cika maƙil. Sarmad ya taho da takardar abinci, idonsa ya faɗa cikin nata, sai ta ga fuskarsa ta canza. Ya daure ya gaishe su. Daga nan komai ya rikice. Minti arba'in da biyar suna jira, Abbu na ƙwanƙwasa gilashin agogonsa da farce. Da naman ya iso ya huce, mai ya daskare a gefen kwano. Gurasar ta bushe. Lassi, wato kindirmon sha, da Ammi ta ce a sa wa sukari, mai gishiri aka kawo. Can Sarmad ya zo janye kwano da sauri saboda ana kiransa daga tebur uku, sai miya ta fallatsa a gaban farar rigar Abbu.

"Ku gafarce ni, Sahib! Bari in kawo ruwa…"

"Bar shi! Kafin ka kawo ruwan, rigar ta tsufa."

Da aka kawo takardar kuɗi, sai gardama ta tashi a teburin.

"Abbu, ko rupi ɗari biyar a bar masa," in ji Junaid, yayan Tabassum. "Sabis ɗin ba kyau, na yarda, amma ka ga shi kaɗai yake ta gudu."

"Tukuici lada ne, ba haraji ba!"

"To kada ka bar komai, mu tafi," Ammi ta faɗa a hankali.

"In ban bari ba, zai zaci mantawa na yi."

Ya laluba aljihu ya fito da kwabbo, rupi ɗaya, ya saka shi a kan farantin har ya yi ƙara. Ya yafito Sarmad da yatsa biyu, ya ɗaga murya yadda maƙwabtan tebur za su ji. "Ga ladan aikinka, yaro. In kana da canji ka ba ni."

Wani ya yi dariya a bayansu. Tabassum ta danne bakinta da mayafi. Sarmad ya ɗauki farantin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. "Na gode, Sahib. Allah Ya huci zuciyarku."

Ranar Lahadi tana leƙe ta bayan labule lokacin da baƙi suka shigo da kwalin alewa. Mahaifin Sarmad, tela ne mai sanyin magana, bai ma gama sallama ba Abbu ya miƙe tsaye.

"Wannan? Wannan ne mai aiki a otel ɗin?"

Telan ya ce, "Malik Sahib, ku zauna mu…"

"Wanda ya kasa kawo nama da zafinsa daga kicin zuwa tebur, shi zai riƙe mini 'ya? Ku ɗauki alewarku! Ni za a rufe a gidana?"

Tabassum ta fito da gudu ta durƙusa ta kama ƙafarsa. "Abbu, laifina ne, ni na ɓoye! Ka saurare shi ko minti ɗaya ne, please, Abbu!"

"Shiga ciki! Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Aka karɓe wayarta. Aka hana ta zuwa ko'ina sai da rakiya. Abinci ya daina shiga, awarwaron da ke cika mata hannu ya koma zamewa har gwiwar hannu. Ammi ta roƙa, Junaid ya roƙa, Abbu ko kallonsu ba ya yi. A wata na biyu ta saci wayar Ammi ta shige banɗaki ta kira Sarmad, tana kuka har numfashinta na sarƙewa.

"Ka zo ka ɗauke ni! Mu je kotu a ɗaura mana, wallahi na gaji, mutuwa zan yi a gidan nan!"

Ta ji shi ma yana jan hanci. "Tabassum, ina son ki fiye da yadda zan iya faɗa. Amma ya riga ya ɗauke ni marar amfani. Kina so ya ƙara da ɓarawo? Ba zan raba ki da mahaifinki ba. Ki ci abinci, don Allah. Ki bar ni in gama jarrabawa."

"In ya ba da ni ga wani fa?"

"To sai mu yi kuka mu biyu. Amma ta ƙofa zan shiga gidanku."

Ta kashe wayar tana jin haushinsa. Daga baya ta wanke fuska ta fito ta ci rabin gurasa.

Wata huɗu suka wuce, ranar walimar Junaid ta zo. An kafa rumfa ta tare layin gaba ɗaya, baƙi sun kai ɗari uku. Mai kwangilar abincin, ashe biki biyu ya karɓa a rana ɗaya. Ya aiko manyan tukwanen shinkafar biryani da miyar nama, amma masu rabawa mutum biyu rak, wayarsa kuma a kashe. Ƙarfe biyu ta wuce, yara na kuka, dangin amarya sun fara kallon-kallo. Malik Rafaqat ya cire rawaninsa, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki tire da kansa.

Daga ɓangaren mata Tabassum ke hango shi. Yana haki, ana kiransa ta ko'ina. Ya kai shinkafa inda ake jiran miya, ya manta teburin da ya yi wa alkawarin ruwa. Sai wani ƙato daga dangin amarya, wanda bai san shi ba, ya buga tebur. "Kai tsoho! Awa guda muna jira, sannan ka kawo mana abinci sanyi ƙalau? In ba ka iya aikin ba, wa ya sa ka?"

Abbu ya sunkuyar da kai, ya ɗauke kwanon daga gaban mutumin. Ba ta taɓa ganin mahaifinta haka ba, kuma ba ta tsaya neman izinin kowa ba. Ta fizgi wayar daga jakar Ammi.

"Sarmad, ba don ni ba. Abbu ne. Mutuncinsa zai zube a gaban surukai, ka taimake shi!"

Ba a yi minti ashirin ba babura uku suka tsaya a bakin rumfar. Sarmad ne da abokan aikinsa biyar. Ya nufi Abbu kai tsaye, ya karɓi tiren daga hannunsa. "Ku zauna, Malik Sahib. Baƙinku na neman mai gida." Ya raba layukan, ya sa a hura wuta ƙarƙashin tukwane, kafin magariba kowa ya ƙoshi, har ƙaton nan yana neman ƙari.

Da aka watse, Abbu na zaune a kujerar roba, ƙafafunsa sun kumbura. Ya kira Sarmad ya miƙa masa ambulan.

"Ku ba abokaina, sun bar hutunsu. Ni ba aiki na zo ba."

Abbu ya ajiye ambulan ɗin a gefe. "Ran nan, tebur nawa kake riƙe?"

"Goma sha ɗaya. Mutum biyu ba su zo ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Abinci kuka zo ci, Sahib, ba uzuri ba. Kuma naman ya huce, gaskiya ne."

"To da nawa ya kamata in bari?"

"Da kun rage, kun gaya mini dalili, da na gode. Da kun kira manaja ma, haƙƙinku ne. Sai dai tukuicin wurinmu haɗawa ake yi a raba da masu wanke-wanke. A gabansu na ajiye kwabbon nan. Shi ne abin da ya yi mini ciwo."

Tsohon ya rufe fuskarsa da tafin hannu. "Awa biyu kawai na yi, ɗana. Awa biyu!" Ya juya wajen labule, muryarsa a dishe. "Tabassum, na san kina nan. Fito, 'yata. Na zalunce ku."

Ta fito ta faɗa jikinsa tana kuka, shi ma bai ɓoye nasa ba.

Washegari Malik Rafaqat da kansa ya taka har shagon telan, ya tsaya tsakanin kekunan ɗinki ya ba shi haƙuri a gaban masu jiran kayansu. Bayan wata shida Sarmad ya ci jarrabawarsa, aka ɗaura musu aure da yardar gidaje biyu.

Wanda aka yi wa hidima ba ta gamsar da shi ba yana da haƙƙin ya rage tukuici, yana da haƙƙin ya faɗi abin da ya ɓata masa rai. Haƙƙin wulaƙanta mutum ne ba ya cikin abin da ya biya. Su kuwa masoyan nan, da sun gudu a ranar da kuka ya fi ƙarfinsu, da sun samu juna sun rasa iyaye. Sun jira, Allah Ya haɗa musu duka.