Saura Layi Ɗaya

Sana'ata bin sawu, na ɓarayi da na mazan da ke ƙaryar tafiya. Amma telan da ya zo ya riƙe min riga ba ɓarawo ya kawo min ba.

"Taimake ni, Yallaɓai. Kullum 'yata sai ta tashi da sabon layin kitso, kuma tana ta ramewa. Mu biyu ne a gidan tun rasuwar uwarta."

Na barbaɗa toka a ƙofar ɗakin yarinyar yadda na saba, muka laɓe a ciki. Can sai ƙamshin man kitso ya cika ɗakin. Na haska tocila. Ba sawu ko ɗaya a kan tokar, amma ga mace zaune a bakin gado, kan yarinyar bisa cinyarta, tana tsaga gashi da hannun hagu.

Telan ya zube a ƙasa. "Uwarta bahaguwa ce," ya ce. "Don girman Allah ki bar min ita!"

Matar ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Saura layi ɗaya, Maigida. Ai ba na tafi da ita kai a tsefe ba."