Kakin Masinja

Saura kwana uku bikin samun mulkin kai, babban akawu Malam Sabitu ya kira Sufeto Mika'ilu zuwa wani ofishi a bayan kasuwar Bauchi. An ɗinka wa masinjoji kaki mai maɓallan tagulla, ɗaya ya ɓace daga kabad jiya da hantsi.

"Masinja nawa gare ku?" in ji Sufeto.

"Shida, yallaɓai. Huɗu na dindindin, su aka yi wa kaki. Irmiya da Baba Ɗanlarai 'yan kwantiragi ne, wata-wata ake sabunta musu. Irmiya nake zargi, gobe zan sallame shi."

Ba a fasa kwaɗon ba. Makullin kuwa, kowane masinja ya san ƙusar da ake rataye shi.

Irmiya ya ce jiya da hantsi yana asibiti. Sufeto ya zuba wa jar ƙasar da ke takalmin Irmiya ido, har Irmiya ya sunkuyar da kai.

"Wajen masu shimfiɗa reluwe na je neman aiki. In akawu ya ji, tawa ta ƙare. Ga matata Agnes da tsohon ciki."

Baba Ɗanlarai yana kan benci yana goge maɓallan kakin wani. Shekararsa goma sha huɗu a bencin nan. Ya rantse bai je ko'ina ba. Garin ciro goro, katin wani mai hoto ya faɗo daga aljihunsa.

Sufeto ya bi katin har shagon, mai hoton ya miƙo masa hoto. Tsohon ne tsaye ƙyam cikin sabon kaki, hannun rigar ya rufe masa yatsu.

Sufeto ya dawo ya ajiye hoton a benci. Ɗanlarai ya daɗe yana kallonsa.

"Kakin yana ƙarƙashin tabarmata, ko maɓalli bai fita ba. Turawa uku na yi wa aike, kowa ya ce mini baɗi zan zama na dindindin. Ga shi za su tafi. Na ce in na mutu, jikokina a Miri su ga kakansu ya yi aikin gwamnati."

"Shi ke nan sai a kori Irmiya?"

"Da ƙarfinsa, reluwe za ta ɗauke shi. Ni wa zai ɗauka?"

Wani kurtun ɗan sanda ya tasa tsohon gaba. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Yallaɓai, hoton fa?"

"Shaida ne, Baba. Na alƙali ne yanzu."

Sufeto ya sa hoton a fayil, ya ɗaure da zare.