Ambulan Mai Lamba Ɗari da Tara

Da hantsi Farfesa ya kawo ƙara caji ofis: an sace ambulan ɗaya daga ɗakin ajiyar busassun tsirrai na jami'a. Har sunan ɓarauniyar ya zo da shi, wata ɗalibarsa.

Insifeta bai yi wata-wata ba, ya sa aka ajiye ta a bayan kanta. A ganinsa mai furfura da tabarau ba ya ƙarya.

"Me ke cikin ambulan ɗin?" ya tambaye ta.

"Naman kaza ne, yallaɓai, ja, kamar ɗan ƙoƙo, bai kai ƙwayar wake ba. Iri biyu ne masu kama da juna. Mai dogon gashi a baki yana fitowa a ruɓaɓɓen itace. Mai gajeren gashi a danshin ƙasa, shi ne Malam ya gano shekara talatin da suka wuce, da shi ya yi suna."

"Sai kika ɗauke."

"Aunawa na yi. Gashin karyewa ya yi, ga ɓurɓushin itace a gindinsa. Mai dogon gashin ne da aka daɗe da sani, ba sabon iri ba. Litinin kwamitin jami'a zai duba maganata, in babu ambulan, korata za a yi."

Insifeta ya miƙe. Ya nufi ɗakin ajiyar.

Mai kula da ɗakin ya jawo durowa, ya nuna gurbin lamba ɗari da tara. "Dokar Farfesa ce, duk wanda ya ɗaga samfur sai ya rubuta rana ya sa hannu. Shi da fensir yake yi, ɗalibai da biro."

A gindin durowar akwai fiƙen fensir.

A ofishin Farfesa, ƙarƙashin tsofaffin jarrabawa, ga ambulan. An maƙala masa 'yar takarda: ranar Laraba, da sa hannunsa tsaf.

"Me ya hana ka ƙona shi?"

Farfesa ya cire tabarau, idonsa a ƙasa. "Ba a ƙona samfur. Takardar ma hannuna ne ya rubuta da kansa, ban sani ba. Yarinyar tana da gaskiya, na kasa faɗa ne."

Aka shiga da shi caji ofis, aka fito da ita. Insifeta ya matso zai ba ta haƙuri. Ita kuwa ta rusuna ta gaida malaminta, ya kau da kai.

Sannan ta dubi ambulan ɗin a hannun Insifeta. "Yallaɓai, a riƙe shi a kwance. Gashin yana karyewa."