Ruwan Tafiya Bor Sudan

A wani ƙauye kusa da Managil a ƙasar Sudan, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana zaune da Inna da Baba da ƙaninta Mati. Mati bai isa shiga makaranta ba. Duk inda ta sa ƙafa yana bayanta, yana cewa, "Yaya, jira ni!"

Baba manomi ne. Yana shuka dawa da gyaɗa a hawasha, wato gonar da ake shayarwa da ruwan tur'a. Tur'a kuwa babbar hanyar ruwa ce da ta bi ta bayan ƙauyen. Inna ta hana yara zuwa can su kaɗai.

A shekarar nan noma bai yi kyau ba. Wata rana da la'asar, Kawu Sa'idu ya bugo waya daga Bor Sudan, birnin da ke bakin teku. Baba ya buɗe muryar wayar don Inna ta ji. Yarinyar tana gefe tana wanke kofunan shayi.

Kawu ya ce, "Na samar maka aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Amma ku zo da shiri. Nan ba kamar Managil ba ne. Hayar ɗaki tsada, gawayi tsada. Ko ruwan sha sai an saya."

Inna ta riƙe baki. "Ruwa ma?"

"Wallahi ruwa ma. Mai karo ke kawo shi a amalanken jaki. In ba ki biya ba, ba ya sauke miki."

Baba ya dubi Inna. Can ya ce, "To, za mu zo, in sha Allahu."

Yarinyar ta ajiye kofin da take wankewa. A ƙauyensu ba ta taɓa ganin wanda ya kwana da ƙishi ba. Ta dubi Mati. Shi da yake shan ruwa kamar ɗan maraƙi! In kuɗin Baba suka ƙare fa? In mai karo ya wuce ƙofarsu bai tsaya ba?

Ta so ta tambayi Inna. Amma ta ga fuskar Inna babu walwala, sai ta haɗiye maganar.

Washegari a makaranta, ta ɗaga hannu.

"Ustaza, ana shan ruwan teku?"

Ustaza Ibtisam ta yi murmushi. "A'a, ba a sha. Gishiri ne da shi. Wanda ya sha, ƙishinsa ƙaruwa yake yi. Mi ya sa kika tambaya?"

"Ba komai, Ustaza."

"Kin tabbata? Na ga idonki kamar ba ki yi barci ba."

"Ba komai," ta sake cewa, ta sunkuyar da kai.

Tsoronta ya ƙaru. Ga ruwa har iyakar gani, amma ba a sha. Duk lokacin da ta rufe ido, sai ta ga Mati yana kuka, leɓensa a bushe.

A gida kuwa shiri ake ta yi. Inna tana yanka kuɓewa tana shanyawa a tabarma. Baba yana auna buhunan dawa. Ba wanda ya yi maganar ruwa. Yarinyar ta ce a ranta, "Sun manta. Ni ce kaɗai na tuna."

Sai dabara ta faɗo mata. Akwai tsofaffin jarkoki uku a bayan garken awaki. Za ta cika su ta ɓoye. Ranar tafiya sai ta fito da su, kowa ya yi murna.

Amma ina za ta ɗebo? In ta je famfon ƙauye, mata za su gan ta su faɗa wa Inna. Saura tur'a.

Ranar Alhamis Baba ya kai awaki biyu kasuwar Managil. Inna ta yafa mayafi ta ce, "Zan je gidan ƙawata Bilkisu mu yi sallama. Ki kula da ƙaninki. Kada ku fita."

"To, Inna."

Inna na fita, ta ɗauko jarka biyu. Mati ya biyo ta da gudu.

"Yaya, ina za ki?"

"Koma gida."

"Zan faɗa wa Inna!"

Ba yadda ta iya. Ta ba shi ƙaramar jarkar, suka bi ta bayan gari. Tana tafiya tana waige.

Da suka isa, sai ta ga tur'a ta cika har baki. An saki ruwa a makon. Ruwan ja ne, yana gudu da sauri, yana jan ciyawa da karare. Ta tsaya. Ƙafafunta suka ce ta koma. Amma ta tuna da mai karo.

Ta nuna wa Mati gindin wata bagaruwa. "Zauna nan. Kada ka motsa."

Ta sauka a hankali. Lakar bakin ruwa baƙa ce, mai santsi kamar sabulu. Ta durƙusa ta tura bakin jarka cikin ruwa. Jarkar ta fara yin nauyi, tana jan hannunta.

"Yaya, ni ma zan cika tawa!"

Ta juya. Mati ya riga ya sauko.

"Mati, a'a! Koma!"

Kafin ta rufe baki, ƙafarsa ta zame. Ta ji tsulum! Ruwa ya ɗauke shi.

Ta saki jarkarta ta miƙa hannu. Ba ta kai ba. Kan Mati ya nutse, ya sake ɓullowa. Ya rungume ƙaramar jarkar, ita ce ta hana shi nitsewa gaba ɗaya. Ruwan yana ta tafiya da shi.

"Yaya! Yaya!"

Ta hau gaɓa tana bin sa da gudu. Ƙaya ta soke ta, ba ta ji ba. Ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Jama'a! A taimaka! Ƙanina ya faɗa tur'a!"

Malam Salmanu maƙwabcinsu yana hawasharsa yana gyara kunya. Ya jefar da fartanya ya sheƙo. Ko riga bai cire ba, ya faɗa ruwan. Ya kai hannu, ruwa ya kauce da yaron. Ya sake kaiwa, ya damƙo rigarsa ta baya.

Ya fito da shi gaɓa. Mati ya yi laƙwas, idonsa a rufe. Malam Salmanu ya kwantar da shi a gefe yana bubbuga bayansa.

Yarinyar ta durƙusa kusa da shi. "Mati, buɗe ido. Don Allah buɗe ido."

Sai Mati ya yi tari. Ruwa ya fito ta bakinsa da hancinsa. Ya fashe da kuka.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Salmanu. "Yalla, mu tafi."

Ya saɓa shi a kafaɗa har ɗakin shan magani na ƙauye. Labari ya riga su isa. Inna ta shigo a guje ba takalmi. Ta rungume Mati tana salati. Ma'aikacin lafiya ya duba ƙirjin yaron, ya ba shi magani, ya ce a sa masa ido kwana biyu.

Da Baba ya dawo daga kasuwa, ya je ya yi wa Malam Salmanu godiya. Sannan ya zauna a tabarma ya kira ɗiyarsa. Ta zo tana jan ƙafa. Ta zaci duka za ta sha.

"Zauna," in ji Baba. "Mi ya kai ki tur'a?"

Ta zauna ta sunkuyar da kai. Hawaye kawai ke zuba.

Inna ta ce, "Ban hana ki ba? Yau da mun rasa Mati, mi za ki ce mana?"

"Ruwa na je ɗebowa," ta faɗa da ƙyar. "Na ji Kawu ya ce a Bor Sudan sai an saya. Na ji tsoro kuɗinmu su ƙare, Mati ya mutu da ƙishi. Na so mu tafi da namu."

Inna da Baba suka dubi juna. Inna ta share ido da bakin mayafinta.

Baba ya ce, "Tun ranar kike ɗauke da wannan a ranki?"

Ta gyaɗa kai.

"Mi ya hana ki tambaye mu?"

"Na ga ranku a ɓace."

Baba ya jawo ta kusa. "Saurara, ɗiyata. Gaskiya ne can akwai tsada. Amma abin da za a biya ni ya fi abin da nake samu a nan. Ni da Innarku mun zauna mun tsara komai. Mun ware na haya, mun ware na ruwa. Awakin da na sayar, kuɗin mota ne."

Inna ta ƙara da cewa, "Kin ga kuɓewar da nake shanyawa? Da dawar da Babanku ya kai niƙa? Abin da ke da araha a nan shi za mu ɗauka. Gadaje masu nauyi za mu bar wa kakarku. Watan farko kuma gidan Kawunki za mu sauka."

"Kuma ruwan tur'a ba a shan sa haka," in ji Baba. "Ciwo yake sawa. Ko kin cika jarka goma, ba za mu ɗauka ba."

Yarinyar ta ji kunya ta rufe ta. "Ku yafe mini. Na saɓa maganar Inna."

"Mun yafe," Inna ta ce. "Amma gobe za ki je ki gode wa Malam Salmanu da bakinki. Kuma har mu tafi, ba ki fita wasa. Nan za ki zauna ki taya ni aiki."

"To, Inna."

Haka aka yi. Ta taya Inna daka kuɓewa da ɗaure kaya. Mati ya warke, har ya koma tsalle-tsallensa. Duk abin da ya shige mata duhu game da tafiyar, sai ta tambaya. Akwai makaranta a can? Akwai masu jin Hausa? Baba ya ce akwai, da yawa ma.

Ranar tafiya, maƙwabta suka raka su har inda ake shiga mota. Hanya ta yi nisa sosai. Suka wuce gonaki, suka wuce fili, suka shiga tsakanin duwatsu. Da motar ta tsaya a Bor Sudan, ga Kawu Sa'idu yana ɗaga musu hannu, tare da ɗiyarsa Sara.

Sara ta kama hannun yarinyar ta ce, "Ajinmu ɗaya. Gobe zan nuna miki hanyar makaranta."

Yarinyar ta yi dariya, ta riƙo Mati da ɗaya hannun.

Tun daga lokacin ta gane cewa in tsoro ya kama yaro, kada ya ɓoye, kada kuma ya yi gaban kansa. Ya faɗa wa iyayensa ko malaminsa. Kuma wurin da aka hana shi zuwa, don tsaron ransa aka hana.