Kafin Ɗaya Ga Nuwamba

"Ƙarya ka yi min, Yaya Muntari."

A hankali Mounira ta faɗi maganar, don ko ƙarfin ɗaga murya ba ta da shi. Tun safe take tsaye tana gyaran gadaje a otal ɗin da take aiki kusa da filin jirgi, ƙafafunta duk sun kumbura. Suna zaune kan benci a tashar bas ta tsakiyar Greensboro, mutane na ta kai-komo.

Muntari ya sauke jakar littattafansa ƙasa.

"Wace ƙarya kuma, Mouni?"

"Ka ce makina na jarrabawar SAT bai kai ba. Ka ce in bari sai Janairu, in sake rubutawa."

"Cewa na yi zai fi kyau..."

"Yau na je tsohuwar makarantarmu, na ga Ms. Celina mai ba ɗalibai shawara. Ta ce makina ya fi na yawancin waɗanda jami'ar da nake so ta ɗauka bara! Ta ce in ban nema yanzu ba, da hannuna na rage wa kaina dama."

Ya sunkuyar da kai, bai musa ba.

Wannan rashin musun ya fi komai yi mata ciwo.

Shekararta ashirin da ɗaya. Daga Damagaram iyayenta suka taho da ita, ta gama sakandare a makare, ta shiga aiki don taimakon gida. Muntari ɗan Kano ne, yana digiri na uku a fannin injiniya. A ajin lissafi na ranar Asabar da yake koyarwa a masallaci suka haɗu, daga gyaran lissafi aka koma gyaran zuciya. Ya san burinta: injiniyar ruwa take son zama, ita da ta tashi tana bin layin famfo da jarka. Ya kuma san jami'ar da take mafarki, can Pennsylvania, wadda ba ta ɗaukar mutane sai ƙalilan.

Ƙofa biyu gare ta ta neman shiga. Akwai early decision, wato ka nema kafin ɗaya ga Nuwamba, damar shiga ta fi yawa, amma in sun ɗauke ka dole ka je, ka janye neman ko'ina. Akwai kuma ta Janairu, inda za ka nemi makarantu da yawa ka zaɓa, har da na kusa da gida.

"Me ya sa?" ta tambaya.

"Don in kika sa hannu, kin tafi ke nan." Ya juyo gare ta. "Na yi tunanin in kika jira, ƙila ki samu jami'ar Raleigh nan kusa, in riƙa zuwa duk mako. Wallahi zuciyata, sonki ne ya..."

"Kar ka kira shi so! Kai ne mutum ɗaya da na yarda da lissafinsa."

Motarta ta iso. Ta tashi ta shiga, ba ta waiwaya ba.

A gidansu na unguwar Glenwood ta tarar da mahaifiyarta, Hajiya Tchima, tana tuƙa tuwo. Kallo ɗaya ta yi mata ta gane.

"Kun yi faɗa da ɗan Nijeriyar, ko? Voilà! Me na gaya miki? Ɗalibi ne, visa ɗinsa na ƙarewa, ke kuma kina da green card. Takarda yake so, ba ke ba."

"Mama, don Allah..."

"Kuma wannan lakwal ta nesa, ki cire ta a ranki. Ga jami'a nan a bayan gida, da ƙafa ma za ki je. In kin tafi wa zai kai ni asibiti ya yi min Turanci? Wa zai karanta mana wasiƙun gwamnati?"

Mounira ta wuce ɗaki, ta kwanta da kayan aikinta a jiki. Ko kuka ya ƙi zuwa.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mata a kan neman da wuri: ƙawarta Hafsa, 'yar wani malamin jami'a. Ita ta tura ta wurin Ms. Celina, ita take kiranta kullum.

"Girl, just do it! Ki tura kawai, kar ki saurari kowa."

Ranar Lahadi aka yi suna a East Greensboro. Mounira na wanke tukwane a kicin, Anti Hamsatou mai kitso ta matso kusa da ita ta rage murya.

"Ke 'yar nan, ruwa ba ya tsami banza. Jiya na yi wa Hafsa kitso, tana waya a gabana, ta ɗauka ba na jin Turanci. Cewa take, da zarar kin sa hannu kin bar gari, Muntari kuma ba zai zauna shi kaɗai ba."

Tukunyar ta suɓuce daga hannun Mounira.

Ta leƙa falo. Ga Hafsa can tana miƙa wa Muntari faranti da hannu biyu, tana wani murmushi. Bai karɓa ba, idonsa na ƙofar kicin.

Ta fita ta ƙofar baya.

Washegari mahaifinta, Alhaji Laouali, ya ce ta bar bas, zai kai ta aiki a tasi ɗinsa. Mutum ne marar yawan magana. Sai da suka hau babban titi ya ce,

"Kin rame."

Nan hawayen suka zo.

"Baba, na gaji. Mama ta ce in zauna don ita. Muntari ya ce in jira don shi. Hafsa ta ce in tafi don ta samu fili. Babu wanda ya ba ni shawara don ni! Na fasa. Zan zauna, in ga ta inda Hafsa za ta same shi."

"Wato za ki zauna don Hafsa ke nan."

Ta share hawaye, shi kuma ya ci gaba da magana.

"Mounira, in maƙiyinki ya nuna miki rijiya, ruwan bai zama guba ba. Ni ban yi boko ba, tambaya biyu kawai gare ni. In kika jira Janairu, akwai abin da za ki ƙara a kan abin da kike da shi?"

"Babu, Baba."

"In sun ɗauke ki, akwai wata makarantar da za ki yi nadamar bari?"

Ta girgiza kai.

"Babu."

"Bon. To me kike jira? Mahaifiyarki ki bar ni da ita. Turancina na tasi zai kai mu asibiti."

Da yammacin ranar, a ɗakin karatu na gari, ta zauna gaban kwamfuta. Ta yi bisimilla ta danna, ta tura neman.

Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji baƙin ciki ba. Sai ta ji kamar ta sauke tulu.

Tsakiyar Disamba sakamako ya fito. Sun ɗauke ta, har da tallafin karatu. Baba ya yi sujada a tsakar falo. Mama ta yi kwana biyu ba ta kula ta ba, a na uku ta fara tambayar irin rigar sanyin da ake sawa a can.

Muntari bai kira ba. Saƙo ɗaya ya turo: "Barka, injiniya. Kin fi ni gaskiya."

Ba ta amsa ba. Ta karanta shi har ta haddace.

Sanyi ya shiga ya fita. Ta ci gaba da gyaran gadaje. Labari na zuwa mata ta bakin Anti Hamsatou: Hafsa ta kai masa abinci ya mayar da kular a rufe, Hafsa ta aika masa ƙanin babanta, Muntari ya ba shi haƙuri, daga baya Hafsa ta daina zuwa masallacin gaba ɗaya. Mounira na ji, ta ce "Allah ya kyauta," ta juya ta kwanta da ciwon da ba ta gaya wa kowa ba.

Sai a watan Mayu, wata Asabar da la'asar, mota ta tsaya ƙofar gidansu. Muntari ne da wani dattijo, Malam Ubaidullah, babban 'yan Kano na garin. Suka shiga wurin Baba. Mama ta tsaya bakin labule, hannu a ƙugu.

"Alhaji," in ji dattijon, "yaron nan ya gama karatu. Wani kamfani a nan garin ya ɗauke shi, su za su yi masa takardunsa. Ya ƙi zuwa sai da hakan ta tabbata, don kar a ce wani abu ya kawo shi ban da yarinyar."

Hannun Mama ya sauka daga ƙugu.

Baba ya ce, "Ku tambaye ta. Ni na ga tana iya yanke shawara."

A barandar gida ta same shi. Ya rame, har ƙashin wuyansa ya fito.

"Mouni..."

"Wata bakwai, Yaya Muntari."

"Kunya ce ta hana ni. Na so in riƙe ki da ƙarya, sai na rasa ki da ita. Ki yafe min, masoyiyata."

"Shekara huɗu zan yi a can. Ko semester ɗaya ba zan rage ba."

"Ban zo neman ragi ba."

"Kuma ba za ka iya bi na ba, aikinka a nan yake."

"Na sani. Akwai titi, akwai mota."

"Za ka gaji."

"Na riga na gaji, Mouni. Gara in gaji a hanyar zuwa wurinki."

Ta kau da kai don kar ya ga idonta. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa,

"In ka sake yi min ƙarya, ko ta so ce..."

"Ba zan sake ba."

A watan Yuli aka ɗaura aure a masallaci bayan Juma'a, ba wani taro mai yawa. A watan Agusta ya loda kayanta a tsohuwar motarsa. Mama ta cusa yaji da kuka da daddawa a duk wani lungu na akwati, tana faɗa tana share hawaye. Suka yini a hanya.

Ɗakin da aka ba ta ƙarami ne, taga ɗaya. Ya hau da akwati na ƙarshe, ya gwada makulli, ya sake gwadawa. Washegari yana da aiki, dole ya juya.

Ta rako shi har bakin ginin.

"Shiga ciki, amaryata. Kar ki tsaya kallon mota."

"To."

Ta tsaya. Motar ta tafi a hankali, ta kai kwana, sai ta ja gefe ta tsaya. Wayarta ta yi ƙara.

"Ba na ce kar ki tsaya ba?"

"Kai ba tafiya ka ce za ka yi ba?"

"Na kasa."

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ka fara tafiya."

"A'a. Wannan karon ke za ki fara. Ina nan sai na ga kin shiga."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ɗaga masa hannu, ta tura ƙofar.

Ita ta fara shiga.