Korau da Damin Gero

Sunan garin ya ɓace mini, yara, har da shekarar. Amma ban manta da Korau ba, ƙaƙƙarfan manomin nan da ba ya son tsugunawa.

In zai ɗauki dami, sai ya sunkuya, ƙafafu a miƙe, ya fizgo shi. Goggonsa Tabawa takan ce, "Korau, tsuguna ka rungume shi, ka tashi da ƙafafunka."

Sai ya yi dariya. "Goggo, ke nake tsuguna wa. Ba na tsuguna wa dami."

Wata kaka ya fizgi dami, bayansa ya riƙe, ko zama ya kasa. Ga geronsa zube a gona, gara ta soma cin na ƙasa.

Goggo ta yi ta gasa masa bayan da ruwan ɗumi. Ta ce, "Tashi ka riƙa takawa kaɗan-kaɗan, yawan kwanciya ba zai sake ka ba."

Da ya ji sauƙi, ya koma gona. Maƙwabta suka tsaya suna kallo. Korau ya dubi dami, ya dubi mutane, sannan ya tsuguna.

Abokinsa Jatau ya ce, "Af! Korau, gaishe shi kake yi?"

Ya ce, "Gaishe shi nake yi, ya fi ni ƙarfi."

Ya rungume shi, ya tashi da ƙafafunsa. Haka ya yi ta yi, har geron ya shiga rumbu.

Bayan shekaru na sake ratsawa ta can, na tambaya. Jikokinsa suka tabbatar mini ya haura tamanin bai riƙe sanda ba.